Fitilar da Inna ta ƙirga da carbi

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, na tafi kwas Kano na bar laftof ɗina a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir. Da zan tafi na yi ta jaddada wa mahaifiyata cewa na'urar ba ta son zafi. Inna kuwa ba ta wasa da amana. Ta naɗe ta a zani, ta ajiye ta inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, wato gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashin nan.

Da na dawo na danna, shiru. Allon baƙi ƙirin, sai wata 'yar fitila a gefe tana ta ƙiftawa. Ga shi kuwa a cikin laftof ɗin nan kaɗai muryar Baba ta rage mana: wani bidiyo da na ɗauka ranar sussukar gero, yana tsokanar Inna wai furarta ta yi ruwa. Bayan wannan ne ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe, bai ƙara magana ba har ya koma ga Allah.

Ni da ake wa kallon masanin kwamfuta a gidan, iyakacin ilimina shi ne na girgiza ta na hura mata iska. Da abin ya gagara na kira abokina mai gyara a birni. Ya sha dariyarsa da ya ji labarin randa, sannan ya ce fitilar nan ba ƙiftawar banza take yi ba, in ƙirga masa. Wallahi rikicewa ta sa na ƙirga ya fi a ƙirga, kowane karo da lissafinsa daban.

Inna ta matso da carbinta ta zauna kan tabarma, ta ƙura wa fitilar ido tana jan ƙwaya. Can ta ce ruwan goro sau biyu, fari sau uku, sai ta huta, ta sake daga farko. Abokina ya ce to, na'urar ta faɗi ciwonta: wani ɗan sashe na ciki da ake kira ram ne danshi ya taɓa, amma ma'ajiyar hotuna ƙila lafiya lau. Ya sa na kwance bayanta, na zare shi, na goge bakinsa da kilinar fensir, na shanya komai a inuwa kafin na mayar.

Allon ya kawo haske. Na buɗe bidiyon, muryar Baba ta cika tsakar gida. Inna ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi.

"Ai tun da na gan ta na san magana take," in ji ta. "Haka Malam yake min da ido. Ƙiftawa ɗaya ruwa, biyu a juya shi. Sai dai ka zauna ka jira."

Har yau abin yana raina. Ina mamakin wanda ya zauna ya tanadar wa ƙarfe hanyar faɗin ciwonsa in baki ya mutu. Amma mamakin Inna ya fi kama ni. Ni ma na yi jinyar Baba, na sha ganin yana ƙifta min ido, duk zatona hasken ɗakin ne ya dame shi.