Turaren Wuta a Akwatin Yaya Nana

Abin da aka bar mini tsaronsa wata Asabar cikin watan Afrilu, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, bai wuce kwalin takalmi girma ba. Farin akwati ne na soso mai tauri, yana kan teburin guga a ɗakin ƙasa na gidanmu da ke garin Clinton, can ƙasar waje. Amma a cikinsa akwai aikin da yayata Nana ta kwashe lokacin sanyi gaba ɗaya tana yi, akwai gurbi ɗaya tak da makarantarsu ta samu a wani ƙaton balan-balan na gwaji da gwamnati ta biya kuɗin tashinsa, akwai kuma zagaye na biyu. Duk na'urar da ta yi aiki a sama za a ba ta wuri a ƙaramar roka, a kuma ɗauki nauyin mai ita ta yi dogon hutu tare da injiniyoyi. Nana ta yafa mayafi za ta je sayo batura, ta tsaya a kan matakala ta ce, "Issa, kar a buɗe shi. Ko numfashi ba na so ya shiga." Na ce to.

Daga Maraɗi aka kawo mu ina ɗan shekara bakwai. Baba direban tasi ne, kuma a bakin manyan ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest ya fi ɗaukar fasinja. A nan wata ma'aikaciyar hukumar sararin samaniya ta ba shi labarin shirin, ya zo gida ya faɗa wa Nana a kan tuwo, ita kuma ta kai wa malamin kimiyyarsu. Na'urarta wani ɗan ido ne na gilashi da ke auna ƙurar da ke can sama inda jirage ba sa kaiwa. Safar hannu take sawa kafin ta taɓa shi. Ni kuwa duniyata daban ce. A lakwal, wato makaranta, nakan ba da cincin ɗin Inna a ba ni katunan 'yan wasa, in sake musanya katunan da abin da ya fi su. A gida aikina ranar Asabar shi ne wanke tasin Baba ciki da waje, da cire ciyawa a ɗan lambun bayan gida inda Inna ke lallaɓa yakuwa da kuɓewa. Ina goge tayoyi ina jin ƙarar ƙwallon kwando daga ƙarshen layi, raina yana can.

Nana ba ta daɗe da fita ba Inna ta sauko da kwandon wanki. Ta tsaya ta shinshina, ta yamutsa fuska. Akwatin warin gam da ƙonanniyar waya yake yi. A wurin Inna kuwa ba abin da ke fita daga gidanmu bai sha turaren wuta ba: rigunan Juma'a, jakar matafiyi, kujerun tasi, har takardun lakwal. "Wannan za a kai gaban mutanen gwamnati?" in ji ta. "A ce daga gidana ya fito da wannan warin?" Na ce Yaya ta hana a buɗe. Ta ce ai ba taɓawa za ta yi ba, hayaƙi ne kawai. Na san hayaƙi ya fi numfashi. Na ji Nana tana yi wa Baba bayani a kan haka, Inna kuwa tana kicin a lokacin. Amma maimakon in faɗa, sai na ga ciniki. Na ce, "In na riƙe miki, kin yafe mini wankin tasi yau?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan kasuwa. Ɗauko kaskon."

Ni na ɗaga murfin. Ta zuba turare a kan garwashi, ta lulluɓe akwatin da zane kamar yadda take yi wa tufafi, tana addu'a Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Muka mayar da murfin, na ruga wurin ƙwallo. Da Nana ta dawo ba ta ji ƙamshin ba, don mu 'yan gidan hancinmu ya riga ya saba. Malaminsu ne ma ya ce bai taɓa karɓar na'ura mai ƙamshi irin wannan ba, aka yi dariya.

Balan-balan ya tashi a wata jiha mai nisa, muka kalla a kwamfuta, falo cike da abokan Baba 'yan tasi. Da sakamako ya zo, idon bai ga komai ba. Injiniyoyi suka ce wani maiƙo ya rufe gilashin, sanyin sama ya daskarar da shi. Gurbin roka ya tafi ga wata makaranta. Nana ta zauna a ɗakin ƙasa tana juya kwalbar gam a hannu, ta yanke wa kanta hukunci cewa ita ta yi ganganci. Ina tsaye a bakin ƙofa. In na yi magana, Inna ta shiga uku a gaban Baba da 'yarta, ni kuma cinikina ya tonu. Na gaya wa kaina Inna nake karewa. Gaskiya rabi ita, rabi fatata.

Nana ba ta sake neman shiga shirin ba, ko da malamin ya roƙe ta. Ta karanci haɗa magunguna, tana da aikinta mai kyau, amma ko fitila ce ta lalace a gidanta sai ta ce, "Kira mai gyara, hannuna ba na na'ura ba ne." Inna kuwa har ta koma ga Allah tana gaya wa baƙi cewa kayan 'yarta ya je sama da ƙamshinsa.

Bayan rasuwar Inna na faɗa wa Nana gaskiya, a filin da nake sayar da motoci ina tura wasu gida ta jirgin ruwa. Ta juya tana kallon wata mota. Can ta ce, "Wane turaren ta sa?" Na ce na sandal, wanda take ɓoyewa sai Sallah. Ta gyaɗa kai, ta cire tabarau ta goge. "Mai tsadar ta ba akwatin," in ji ta. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu 'ya'yanmu a waya suke kallon roka tana tashi, ba wanda ke cika falo, gidajenmu kuma ba sa ƙamshin da gidan Inna ke yi. Sana'ata lissafin riba da asara ce, kuma na yi wannan lissafin sau da yawa. Na samu yammaci guda na ƙwallo, Inna ta tafi da alfaharinta, Nana ta rasa hanyar da ta fi so. Ban taɓa yin cinikin da ya kai wannan faɗuwa ba, kuma ba ni na biya ba.