Gashin Amarya a Rumfar Maza

Kiɗan gangar dalluka ne ya yanke a tsakiyar waƙa. Ina durƙushe bayan randa ina wanke buroshi da kananzir, na ɗaga kai, na ga mata duk sun juya suna kallon ƙofar gida. Na dubi inda na jingine hoton amarya da na zana. Babu shi.

Sana'ata ke nan tun da na gama sakandare a birnin Madani. A gayyace ni biki, in kafa katakona a gefe, in zana ango da amarya da fentin mai, mutane na kallo. A birni abin ya zama ado. Ranar ce na fara yin sa a ƙauye, wani garin Hausawanmu kusa da Abu Na'ama. Angon ne ya kawo ni. Ɗan garin ne, amma a Madani ya tashi, kuma shi ya ce in zana su a rawar amarya ta hantsi, wadda ake yi a cikin gida, amarya ta fito kai ba ɗankwali, kafaɗu a waje, ba namijin da ke ganinta sai mijinta. Na zana ta yadda take, kitso ya zubo, lalle har gwiwar hannu, tana dariya. Ashe da na juya baya murna ta kwashe angon, ya ɗauki zanen ya kai rumfar maza don abokansa su gani. Yayyenta na zaune a wurin, da mahaifinta.

Ban san wannan ba tukuna. Hayaniya kawai na ji tana matsowa. Goggon amarya, wata tsohuwa gajera, ta damƙi hannuna, ta tura ni ɗakin ajiya, ta ja ƙofar kwano ta sa kwaɗo ta waje. Jakata da wayata suna can tsakar gida.

Buhunan dawa da riɗi ne har kusa da rufi. Taga ɗaya ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Rana ta dafa kwanon, warin kananzir na hannuna ya cika ɗakin, numfashi ya fara yi mini wuya. Har yau in na shiga ƙaramin ɗaki sai na bar ƙofa a buɗe.

"Ina 'yar Madanin nan?" Muryar babban wan amarya ce, dab da ƙofar. "Goggo, fito muna da ita! Ta tuɓe ƙanwata gaban gari!"

"Kai da na wanke wa kashi, kai za ka ɗaga mini murya? Wanga ɗaki nawa ne. Tafi ka kama surukinku mai ƙafar yawo, shi ya kai zanen rumfa."

Wani abu ya daki kwanon, sanda ko ƙafa, ban sani ba. Na maƙale tsakanin buhu biyu. Na so in karanta addu'a, bakina ya kasa haɗa ta. Ba wanda na sani a garin sai angon, shi kuma ina jin sa can nesa yana ta "malesh, malesh," yana ba da haƙuri, ba mai sauraronsa. Motar Madani tana tashi da azahar. Na ji an kira sallar, na ji tashin motar.

Can sai kwaɗo ya motsa. Goggo ce, riƙe da zanen da akwatin fentina. Wani ya goga yatsa a kumatun amarya, fenti ya jawu.

"Babanta ya ce a ƙone, angon ya rantse ba a ƙonewa, samari kuma ke suke so. Yalla, maza, ɗiyata. Yadda kika buɗe ta, rufe ta. Sa mata tob, lulluɓe ta."

Na ce mata fentin ɗanye ne, sai ya yi kwanaki kafin ya bushe, in na ɗora jan mayafi a kan baƙin gashi duk zai dame ya zama laka.

"To kankare gashin."

Wuƙar fentina ta ɓace a hargitsin. Da cokalin shayi na kankare kitson da na ɓata hantsi guda ina jerawa. Na shimfiɗa ja daga goshi zuwa kafaɗa, na gyara kumatun, goggo na tsaye ta tokare ƙofa da bayanta, tana yi mini fifita da gefen mayafinta.

Bayan la'asar ta kira mahaifin. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai dube ni ba, zanen ya daɗe yana kallo.

"Wuyan," ya ce.

Na rufe wuyan. Ya sake dubawa, ya juya ya yi wa 'ya'yansa magana ɗaya, na ji takunsu yana nisa. Sannan ya ce, "Fito, ɗiyata. Ba mai taɓa ki a garin ga. Gobe ni zan sa ki mota."

Na ajiye buroshin, na zauna. Goggo ta zauna kusa da ni a kan buhu, ta ce a kawo mini ruwa.