Rigata a Hannun Mai Wanki

Ngadda ba kullum yake kogi ba. Mafi yawan shekara yashi ne shimfiɗe, mu muna tamaula a cikinsa, jakuna suna birgima. Sai damina ta yi nisa ruwan yake zuwa, a hankali, kansa ɗauke da kumfa da karmami, yana laluben hanya. Mukan je mu tare shi, mu riƙa ja da baya a gabansa yana lasar mana yatsun ƙafa. Har yau in na lumshe ido bayan azahar, wannan ruwan nake gani yana shigowa Yerwa, ba ƙara, ba gaggawa.

Lokacin jirgin ƙasa bai iso garin ba tukuna. Shekarata goma sha huɗu, kaina kuwa ya fi dutsen niƙa tauri. Gidanmu yana bayan Kasuwar Kwastam. Babanmu Bakano ne mai fataucin bandar kifi, sai ya yi wata biyu yana bakin tafki. Inna ce a kaina, ni kaɗai ne kuma na tsaya mata, don huɗu ta binne kafin ni.

In kogi ya cika, wasanmu ɗaya ne. Mu tuɓe, mu ajiye riguna da takalma a gindin wata bishiyar maina, mu hau gada mu faɗa ta gefen da ruwa yake tahowa, ya ja mu ta ƙarƙashi, ya tofo mu ta ɗaya gefen. Can ƙarƙashin akwai duhu da sanyi. Kunnenka ya toshe, nauyin jikinka ya ɗauke, sai ka hango wani haske kore yana matsowa. Wallahi ina son wannan hasken. Mun kuma san ruwa yana cusa rassan ƙaya tsakanin ginshiƙan gadar, mun san abin da suke yi wa mutum in sun kama bantensa. Amma wanda ya ƙi shiga, ɗan Inna muke ce masa, ni kuwa gara a yanka ni da a kira ni haka.

Ba abin da Inna ba ta yi ba. Ta dake ni, ta yi lallashi, ta ɗaura mini laya, duk ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu. In na dawo gida takan karce ƙaurina da farce. In farin layi ya fito, ta san na shiga kogi. Ni kuma, ɗan banza, na gano dabarar shafa man gyaɗa kafin in shiga gida.

A bakin kogin akwai wani tsoho Babarbare mai tsage a fuska, Baba mai wanki muke ce masa. Wuni yake yana bugun kaya a kan kututture. Yana da wani aikin kuma da ba wanda ya sa shi. Ran da kogi ya ci yaro, kowa zai sa rigarsa ya bar riga ɗaya a gindin maina. Baba ne yake ninke ta, ya ɗora takalman a kai, ya tallabe a tafin hannu biyu a gaban ƙirjinsa, ya ratsa kasuwa ba ya gaida kowa. Ciniki yakan tsaya. Mutane su bi shi da ido su ga lungun da zai shiga. Sau biyu na ga wannan tafiyar.

Bai taɓa yi mini wa'azi ba. Sau ɗaya dai na fito ina haki, ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da kalmarsu ta yaro.

"Kai tada, na san gidanku fa."

Dariya na yi. Na ɗauka ƙarata zai kai.

Wata Alhamis da hantsi na faɗa, na fito lafiya, sai na kwanta rigingine a kan ruwa na bar shi ya tafi da ni. Sama fes, balbelu suna wucewa a jere. Na yi nisa kafin in kama gaɓa in dawo da ƙafa. Rigar kowa tana gindin maina, ban da tawa. Wani abokina ya nuna mini sama da haɓa. Ga Baba can ya hau gaɓa ya doshi kasuwa, hannuwansa biyu a gaban ƙirji.

Nan take na gane inda za shi, da wadda za ta gani.

Na zuba da gudu daga ni sai jiƙaƙƙen bante. Irin gudun mafarki ne, ƙafa tana nutsewa a yashi, hanya tana ƙara tsawo. Kasuwa ta yi tsit. Wani ɗan Ibo mai sayar da kwanuka ya cire hularsa ya riƙe. Masu tabarmi suna salati ƙasa-ƙasa, sai ga ni na ratso su, suka bi ni da kallo kamar fatalwa. Kafin in cim ma tsohon, ya riga ya shige lungunmu.

Daga baya ya rantse mini cewa niyyarsa ya tsaya a ƙofar gida ya jira ni, in ɗanɗana tsoro don kada in koma gadar. Bai san Inna tana cikin zaure tana leƙen mai ga-ruwa ba.

Da na iso tana zaune a ƙasa, rigar tana kan cinyarta. Ba sai an gaya mata ta wa ce ba, ita ta yi wa aljihun faci. Ba ta kuka. Shafa rigar kawai take da tafin hannu, a hankali, yadda take shafa kaina in ina zazzaɓi. Baba ya sunkuya yana ta maimaitawa.

"'Yata, yana nan da rai. Ga shi nan tafe. Ki yafe ni, 'yata."

Ba ta jin sa. Na tsaya a gabanta na ce, "Inna." Ta ɗago, amma idonta ya wuce ni, yana kallon wani abu can bayana. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, har a ƙarƙashin gada. Can ta miƙo hannu ta karce ƙaurina da farce. Gudu ya riga ya busar da ni, farin layi ya fito sarai. Ta daɗe tana kallon layin. Sannan kukan ya zo.

Ba ta dake ni ba, ba ta kuma gaya wa babanmu ba. Na yi shekara ba na gaida Baba mai wanki, don ni a ganina muguntar ta yi yawa, har yau ma ban gama yanke masa hukunci ba. Wanka a kogi ban daina ba, ƙarya ce in ce na daina. Amma duk ran da na hau gadar na leƙa, idon Inna nake gani yana wuce ni, sai in sauko da ƙafa. Suka kira ni ɗan Inna har suka gaji.

Rigar kuwa ba ta dawo mini da ita ba. Na tambaya sau ɗaya, ta ce ta yi mini kaɗan. Bayan ta rasu, ina da furfura a gemu, na buɗe akwatinta na ƙarfe na tarar da ita can ƙasan zannuwa. Ninkin Baba mai wanki ne, ba ta taɓa warware shi ba.