Ku Bar Shi Ya Buɗe Baki

Duk wanda ya zauna a Riyad a shekarun tamanin ya san Alhamis ɗin Alhaji Haladu. Ana sallame la'asar zai tattaro mu gidansa na bayan kasuwar Batha, ya dafa shayi, ya ciro kaset ɗin bidiyon nan daga cikin tsohuwar hularsa. Kaset ɗaya tal! Wani tsohon fim ne na Amurka, wanda aka ɗauko shahararren mawaƙi aka ce ya fito a direban tasi da matarsa ta gudu ta bar shi.

Jama'a, bawan Allahn nan bai iya wasa ba. In an faɗa masa mugun labari sai ya tsaya ƙiƙam kamar turken wuta. In ya zo kuka kuwa, abokinmu Dakta Bashir har faɗowa yake daga kujera don dariya.

"Alhaji, wannan kuka yake ko albasa yake yankawa?"

"Ku bar shi ya buɗe baki," in ji Alhaji, ko kallonmu ba ya yi.

Kuma wallahi da ya fara waƙa sai ɗakin ya yi tsit. Alhaji ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce shi ya haife shi.

Dukanmu muna jin Turanci, amma dole sai ya yi mana fassara. Mawaƙin zai ce wa matar ta tafi abinta, Alhaji ya ce, "Ya ce ta yi haƙuri, zaman tare sai da juriya."

Na ce, "Baba, ba fa haka ya ce ba."

"Haka ya kamata ya ce. Laifin marubucin ne."

Ranar da kaset ɗin ya tsinke, mun ɗauka mun huta. Ina! Ya kwance shi da sukudireba, ya datse inda ya cukurkuɗe, ya liƙe da salatif. Sai ga matar ta fice da akwatinta, kafin ka ƙifta ido tana kicin tana soya ƙwai. Dakta ya ce yaushe suka shirya?

"Ina ruwanka da sirrin gidan mutane?"

To, ni ma maganar nan ta "ku bar shi ya buɗe baki" ta taɓa tsayawa a kaina. Masana'anta ɗaya muke aiki da Alhaji a Birnin Masana'antu na Biyu, ni sabon injiniya, shi tsohon hannu. Rahotona ba ya karantuwa, Larabcina kame-kame, in mudir, wato manajanmu, ya yi mini tambaya sai in daskare. Wata uku kacal aka ce ba za a sabunta mini iƙama ba, wato takardar izinin zama. Ga amarya na baro a Gusau da alkawarin zan ɗauko ta. Abinci ma ya daina shiga.

Alhaji ya ja hannuna har ofishin mudir, ya ɗauko maganar tasa ya juye ta cikin Larabcinsa na kasuwar Batha. Mudir ya dube ni da mamaki, ya ce, "Yalla, iftah." Wai in buɗe. Ni kuma don ruɗewa na wangale baki kamar na zo wurin likitan haƙori!

Alhaji ya dafe kai. "Kai, rufe! Ba wannan bakin ba!"

Ya tasa mu gaba ni da mudir har wurin wani janareto da ya gagari kowa sati biyu, ya ce a tayar. Na kasa kunne na ɗan lokaci, na nuna inda ciwon yake. Kafin azahar yana ruri. Mudir ya sa hannu a takarduna, amma har na bar ƙasar in ya gan ni sai ya ce, "Iftah!"

A hanyar komawa na yi ta zuba masa godiya. Alhaji ya ce, "Kai ma ba ka iya wasa ba, ɗana. Amma kana da waƙa."

Ga shi yau babu shi, kuma ina kewarsa ƙwarai. Ya Allah, Alhaji Haladu bai taɓa auna mutum da inda ya gaza ba. Kai ma Ka kau da kai daga inda ya gaza, Ka dubi inda ya iya. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba.