Injin Surukina a Kan Rairayi

Sau uku surukina ya ɗauko injin jirginsa daga tabkin Tabalak zuwa Tawa, a naɗe cikin tabarma a saman mota, kuma sau biyu na mayar masa da shi ban gyara komai ba. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni makanike ne na babura da injin ban-ruwa, ban taɓa taɓa injin jirgi ba. Amma ina zan ce wa uban matata ban iya ba? Da wannan injin yake ƙetarar da mutane da buhunan albasa, shi ke ciyar da gidansa. Ya ce ƙafar injin, wato wajen da ke nutsewa cikin ruwa, tana kuka, yana jin akwai yoyo. Matata kuwa abu ɗaya ta ce: "Don Allah kada ka ba ni kunya."

Na share ƙasa, na zuba rairayi mai tsabta, na rataye injin a kai kamar yadda nake wa kowane babur. Kwana uku ko ɗigo babu. Na canza buji, wato fulogi, don kada a ce ban yi komai ba, na ce lafiyarsa lau.

Bayan mako sai ga tabarmar ta dawo. Wannan karon na kwance ƙusar da ke toshe ramin man ƙafar, sai wani abu fari ya zubo kamar nonon da aka dama. Na hau zagin mai sayar da man, mutumin da ban taɓa gani ba, na zuba sabo, na sallami tsoho. Kwana tara, ya dawo, man ya sake yin fari. Na ji kamar in jefa injin a rijiya.

Tsohon yana zaune a benci yana ɓare goro, bai dube ni ba ya ce, "Ɗana, ku mutanen tudu abin da ka hita kuka nema. Mu cikin ruwa abin da ka shiga muka tsoro. In haƙoran ga na cikin ƙafar sunka cinye, shi ke nan, na zamna gida."

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, don da ya faɗi haka tun farko da an huta. Na cika ganga da ruwa, na tsoma ƙafar, na hura iska ta ramin mai da famfon keke. Kumfa ta taso daga bayan farfela. Da na cire farfelar sai ga zaren nailan shuɗi ya nannaɗe a ƙarfen da ke juya ta, ya yanka robar da ke tare ruwa, wadda muke cewa juwan.

Na san zaren nan. Da shi surukina yake shirya kifin da masunta ke ba shi, ya ɗaura a ƙusa a bayan jirgi, yana jan su cikin ruwa don kada su lalace. Duk kifin da ya taɓa aiko mana, da zaren nan yake zuwa. Makonni uku na wahala, ashe shi da kansa ya jawo, kuma bakina ba zai iya faɗa masa ba.

Na sa sababbin juwan biyu, na sake hurawa, ruwa ya tsaya cik. Zaren kuma na dunƙule shi na ajiye a benci kusa da goronsa. Ya ɗauka, ya juya shi, ya sa a aljihu, ya ce, "Allah shi yi albarka."

Daga baya matata ta je gida ta dawo, ta ce ƙusar ta koma gaban jirgi. Injin bai ƙara zuwa Tawa ba. Shekara shida ke nan muna gaisawa, bai taɓa yi mini maganar rairayi ba, ni ma ban taɓa yi masa maganar zare ba.