Babur Ɗin Yaya Audu Da Aka Narkar

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Audu Bakanike, kuma har yau ban yafe wa wanda ya sa aka narkar da babur ɗinsa ba. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru.

Babur ɗin ƙirar Jamus ne, baƙi, ya girmi 'yancin ƙasar nan. Wani Bature likitan dabbobi ne ya bar shi a garin Lafiya, ya yi ta canza hannu har ya iso wurin Yaya a mace, Yaya ya tashe shi. Kawunan injinsa biyu sun fito dama da hagu, kuma ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ke juya ƙafar baya. Da shi yake zuwa Agyaragu gyaran injinan niƙa. 'Yan acaba kan tsokane shi: "Baba Audu, wannan janareto gidan biki za a kai shi?" Sai ya ce, "Ku bari naku ya ga damina biyu tukuna."

Yana ciwon ajali ya ce mini, "Ladan, a riƙa tayar da shi, kada injin ya daskare." Na amsa.

Sai ranar rabon gado. Baffa Dauda, ƙanin mahaifinmu, wanda ya taɓa neman aron babur ɗin aka hana shi, ya ce babu ɗan acaban da zai saye shi, kuma ba ya rabuwa tsakanin magada. Na roƙa a bar mini, in biya marayu. Ya ce sai an yi shawara. Kafin in dawo daga gona a Shabu, ya tura shi wurin masu narka alminiyom. Kowane magaji ya samu tukunya.

Yanzu masu tara tsofaffin babura na zuwa daga Abuja da Jos suna cigiyarsa. Sun ce irinsa kaɗan ya rage, ko mataccensa suna so. Ba na ba su amsa. Nakan sa su a gaba har ƙofar gidan Baffa, in yi sallama, in tsaya ya faɗa da bakinsa.

Bana Baffa zai tafi aikin Hajji, yana bin gidaje neman yafiya. Ya same ni a zaure.

"Ladan ɗana, ƙarfe ne fa. Ka yafe mini."

Na ce, "Baffa, alkawari na ɗauka ka karya mini. Mai alkawarin yana maƙabarta, can za ka fara."

Na san da Yaya yana raye, dariya zai yi ya yafe, har ya kai shi tasha. Wannan halin nasa mutanen Lafiya ke tunawa, kuma shi ne abin da ya bari. Ni ban gaje shi ba. Ranar tafiya dangi duk sun yi wa Baffa rakiya, ni kuwa na wuce gona.