Mamane Magini a Kufan Rumawa

Mamane mutumin Damagaram ne, shekara goma sha bakwai yana aikin gini a Riyad. Bara kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, wani dattijo mai ciwon ƙafa, ya tafi da shi hutu ƙasar Hangare a Turai don ya riƙa tallafa masa. Suka ziyarci kufan sansanin sojan Rumawa a bakin kogin Danub. Sauran baƙi suna kallon jiragen ruwa, shi kuwa ya durƙusa yana shafa bango.

"Mutum biyu suka jera duwatsun nan," in ji Mamane da Larabci. "Na dama gwani ne, na hagu gaggawa gare shi."

Dattijon ya fassara wa ɗan jagora. Ɗan jagoran ya duba sosai, ya jinjina kai, ya kira mutane su zo su gani.

"Shi ya gina gidana," in ji dattijon.

Mamane ya miƙe yana murmushi, ya ci gaba da nuna musu.